Tilo da Jam'i a Turanci: Darasi Daga Kicin Ɗina a Manchester

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shigowata ke nan daga kasuwar Longsight, ledojin ma ban gama sauke su ba, yatsuna duk sun ƙage saboda sanyi. Na ce bari in kunna kyamara tun kayan suna kan tebur, domin wata ƙanwata da ke shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin iya Turanci, a Kaduna ta turo min saƙo daren jiya, ta ce jam'in suna na Turanci ya hana ta sakat. To ƙanwata, wannan bidiyo naki ne, da duk mai irin damuwarki.

Kafin mu taɓa Turanci, tsaya ki saurari bakinki. Gida, gidaje. Mota, motoci. Doki, dawakai. Akuya, awaki. Saniya, shanu. Mace, mata. Wa ya taɓa zaunar da ke ya ba ki dokar wannan? Kin tashi ne kawai kin ji ana faɗa. Baturen da ke koyon Hausa sai ya haddace kusan kowace kalma tare da jam'inta. Shi Turanci, yawancin sunayensa harafi ɗaya tak suke buƙata, wato s. Wanda ya iya awaki da shanu bai kamata wannan ya tsorata shi ba, wallahi da gaske nake.

Ga karas: carrot, carrots. Ga ƙwai: egg, eggs. Ga albasa: onion, onions. A rubuce duk s ne, amma a kunne ba ɗaya ba ne. Ɗora yatsa a maƙogwaronki ki ce carrots, za ki ji ƙarshen ya fita siririn s. Ki ce eggs, maƙogwaron zai yi rawa, z ce ke fita. Ga lemo kuma, oranges, nan gaba ɗaya aka ƙara gaɓa, kamar ana cewa "iz". Haka abin yake ga yawancin kalmomin da suka ƙare da s, x, z, ch ko sh, sai a sa musu es: bus, buses, box, boxes, dish, dishes, watch, watches. Dalilin a fili yake, gwada cewa bus ki liƙa wata s a kai ba wasali a tsakani, ba zai faɗu ba.

Tumatir da dankali su ma es suke ɗauka, tomatoes, potatoes, amma photos da kilos da pianos s kawai. Mangwaro an yarda da shi ta kowace hanya. Idan kalma ta ƙare da y kuma baƙi ne a gabanta, y ɗin ta koma ies: baby, babies, city, cities. Idan wasali ne a gabanta, ba ruwanki da ita: key, keys, day, days. Bari in ɗauko wuƙa. Knife, knives. Burodin nan loaf ne, biyu kuma loaves. Haka leaf, leaves da wife, wives. Sai dai roof da chief sun ƙi bin layi, roofs, chiefs.

To yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, domin nan ne mu Hausawa muka fi tuntuɓe, kuma ba don rashin sanin doka ba. Mu idan muka sa lamba, ba dole mu canza sunan ba. Mota biyu. Shekara goma. Ƙwai shida. Lambar ta riga ta faɗi komai. Shi kuwa Turanci sai ya faɗa sau biyu, a lamba da kuma a jikin sunan: two cars, ten years, six eggs. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma a watannina na farko babbar da ke duba rahotonmu ta kira ni gefe ta nuna min inda na rubuta two cup of tea, da wani wurin three time. Ta yi min magana cikin mutunci, amma na koma gida abin yana cina, domin na san dokar tun ina firamare, harshena ne ke tunani da Hausa. A irin aikinmu kuma bambancin tablet da tablets ba abin wasa ba ne, lafiyar mutum ce. Ke ma a ɓangaren saurare na jarrabawarki, idan amsar jam'i ce kika bar s ɗin nan, an soke ta. Don haka duk lokacin da kika rubuta lambar da ta wuce ɗaya, ki waiwayi kalmar da ke binta.

Akwai togaciya guda: idan lambar siffanta wani abu take yi, s ɗin ta faɗi, kamar a ten-pound note ko a five-year-old boy. Kuma a kasuwar nan za ki ji mai kaya yana kiran two pound, maganar gari ce, kada ki kai ta takarda.

Sai waɗanda ba sa bin doka. Foot, feet, tooth, teeth. Waɗannan biyun kullum suna bakina a wurin aiki. Man, men, mouse, mice, goose, geese, louse, lice, wato kwarkwata. Woman, women kuma a kula, a rubuce ƙarshen ne ya canza, a baki kuwa farkon ne, "wimin" ake cewa. Na daɗe ina ganin kamar son rai ne kawai, ashe da tarihinsu. A can da, tun kafin a fara rubuta Turanci, jam'in irin waɗannan kalmomi yana da ɗan ƙarshe mai sautin i, sautin ya ja wasalin tsakiya zuwa wajensa, daga baya ƙarshen ya zube, wasalin da ya canza ya zauna. Shi ya sa har yau Jamusanci, ɗan uwan Turanci, yake da irin wannan canjin. Children kuwa jam'i biyu ne aka ɗora a kan juna, tsohon ƙarshe mai r, sannan aka ƙara masa en irin na ox, oxen. Tumaki da barewa da kifi ba sa motsi ko kaɗan: one sheep, fifty sheep, haka deer, haka fish.

Ɗana mai shekara huɗu yana cewa foots da mouses. Da farko hankalina ya tashi, sai malamarsu ta ce alama ce mai kyau, ya kama dokar ne yana shimfiɗa ta ko'ina. A 1958 wata mai bincike a Amurka, Jean Berko, ta nuna wa yara zanen wata halitta da ta ƙirƙira ta sa mata suna wug, sannan ta nuna musu guda biyu, yawancinsu suka ce wugs, kalmar da ba su taɓa ji ba.

Wani tarkon kuma daga gida muke tahowa da shi. Furnitures, luggages, equipments, informations, advices: ko a ofis a Najeriya za ki ji su, amma a Turancin jarrabawa waɗannan ba sa ɗaukar s, domin ba a ƙirga su. Mu muna da shawara da shawarwari, shi ya sa advices ke zo mana da sauƙi. Abin da ake cewa shi ne some advice, ko a piece of advice. A ɗaya gefen, wando ɗaya da almakashi ɗaya da tabarau ɗaya duk jam'i ne a wurinsu: trousers, scissors, glasses, in za ki ƙirga sai ki ce a pair of. News kuwa duk da s ɗinta tilo ce, the news is good.

Masu shirin jami'a, ku riƙe 'yan aro daga Girkanci: criterion, criteria, analysis, analyses, crisis, crises. Surukai mata kuma mothers-in-law ne, s ɗin tana kan uwar.

Ƙanwata, yau da dare ki shiga kicin ɗin Umma, ki ƙirga abu goma da Turanci da babbar murya, ki ɗauka a waya ki turo min in ji ƙarshen kowace kalma. Ni dai uku ta kusa, kifin nan yana jiran firij, yaro kuma yana jirana a makaranta. Sai mun haɗu, a gaida mutanen gida.