Shirin Intabiyu: Ka Faɗi Abin da Ka Iya, Ka Kawo Hujja

Assalamu alaikum, masu kallo. Bayaninmu na yau ya shafi matashin da ya kammala karatu, ya gama bautar ƙasa, ya daɗe yana aika takardun neman aiki, har Allah ya sa saƙo ya shigo wayarsa ana gayyatarsa intabiyu.

Kafin murna ta yi nisa, ka fara tabbatar da sahihancin gayyatar. Ma'aikata ta gari ba ta karɓar kuɗi kafin ta gana da mai neman aiki, saboda haka duk saƙon da ya nemi ka tura kuɗin fom zuwa asusun wani mutum, aikin 'yan damfara ne. Idan kamfani ne mai zaman kansa, ka duba sunansa a shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, sannan ka bar wa wani a gida adireshin inda za ka je.

Daga nan sai takardu. Ka haɗa na asali da kwafinsu a fayil guda: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri ko difloma, takardar kammala bautar ƙasa, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu, da lambar NIN, da shaidar ƙaramar hukuma idan aikin gwamnati ne. Ka shimfiɗa su a gabanka ka karanta sunanka harafi bayan harafi, domin sau da yawa za ka ga wata ta rubuta Muhammad, wata Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa tsakanin takarda da takarda. Irin wannan saɓani yakan tsayar da mutum bayan ya riga ya burge kowa, alhali rantsuwar kotu ko gyara a hukumar da ta bayar da takardar zai iya warware shi tun da wuri.

Ka sake karanta sanarwar aikin da kyau, domin mafi yawan tambayoyin daga cikinta suke fitowa. Ka san abin da ma'aikatar take yi, da mutanen da take yi wa hidima, da inda rassanta suke.

Yanzu ga wurin da da yawa daga cikin matasanmu suke faɗuwa, ba don rashin ilimi ba. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, an koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, kuma tun muna yara muke jin cewa yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma idan aka ce wa mutum ya gabatar da kansa, sai ya faɗi sunansa da garinsu ya yi shiru yana kallon ƙasa, masu tantancewa ba su da hanyar sanin abin da ke cikinsa, kuma mintunan da aka ware masa ƙalilan ne. Faɗin abin da ka aikata, tare da hujja, ba fariya ba ce. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili, cewa shi mai tsarewa ne, masani.

Hanyar ita ce ka bar siffanta kanka, ka ba da labarin aikinka. Kowa yana iya cewa shi mai ƙwazo ne kuma mai haƙuri, shi ya sa wannan magana ba ta da nauyi a kunnen kwamiti. Amma a ce ka yi bautar ƙasa a wata sakandare ta ƙauye, ka tarar 'yan aji shida ba su da malamin lissafi ga jarrabawa ta matso, sai ka nemi izinin shugaban makaranta ka buɗe darasin yamma, ka bi iyaye gida-gida har suka yarda yara su riƙa dawowa bayan la'asar. Wanda ya ji wannan ya ga matsalar da ka tarar, da matakin da ka ɗauka, da abin da ya biyo baya. Ka tanadi irin wannan labari uku ko huɗu, na gaskiya, ka maimaita su da babbar murya a gaban wani yayanka ko malaminka, musamman da yake galibi da Turanci ake ganawar. Kada ka raina tsaron shagon mahaifinka ko sana'ar POS da ka yi, domin riƙon kuɗin mutane da haƙuri da abokan ciniki abubuwa ne da banki yake nema. Haka kuma jin Hausa, Fulatanci ko Barbarci babban jari ne a wurin ƙungiyoyin agaji masu aiki a karkara.

Ranar ganawa ka isa da wuri, cikin tufafi wankakku gogaggu da suka dace da wurin. Ka yi sallama, ka jira a ba ka izinin zama, ka dubi fuskar mai tambaya cikin ladabi. 'Yar'uwa, idan ba kya musabaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki gaisa da sakin fuska, hakan ya wadatar. Tambayar da ba ka gane ba, ka roƙi a maimaita. Wadda ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bayyana yadda za ka nemo amsarta. Idan an tambayi dalilin barin tsohon wurin aikinka, kada ka ɓata sunan kowa. Idan kuwa ta intanet za a yi, ka cika cajin waya, ka gwada sabis a ɗakin tun ana gobe ganawar, ka roƙi mutanen gida su rage hayaniya.

Maganar albashi takan zo a ƙarshe, kuma amsar "duk abin da kuka bayar" tana jawo raini. Ka bincika abin da ake biyan masu irin wannan matsayi, ka faɗi tsakanin nawa zuwa nawa kake sa rai. Ka tuna cewa tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne, kuma dokar fansho ta 2014 ta tanadi a cire aƙalla kashi 8 cikin 100 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. Saboda haka ka tambaya ko adadin da aka ambata shi ne zai shiga asusunka, ko kuwa sai an cire haraji da fansho. Idan aka yi maka albishir ta waya, ka yi godiya, amma kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai takardar ɗauka ta iso, ka karanta albashi, wurin aiki da tsawon lokacin gwaji kafin ka sa hannu.