Abdul Wadud da gogen da ake runguma

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Shugaban taro ya ba ni minti ashirin, ni kuma abu uku na zo da su a kan Abdul Wadud, makaɗin jaz, wato wani salon kiɗan baƙaƙen Amurka: karatunsa, hannunsa, sai ƙarshensa. In na zarce a ja mini riga.

Na farko, kayan kiɗan da kansa. Sunansa celo, kuma ku karanta shi da Hausa yadda yake a rubuce, kun faɗa daidai. Ku ɗauki goge, ku ba shi tsirkiya huɗu maimakon ɗaya, ku girmama shi har ya kai ƙirjin mutum a zaune. Tsakanin gwiwoyi ake sa shi a rungume, a goga da bakan izga. Af, na ce karatu ne na farko ko? To ga shi a gurguje. An haife shi a Cleveland ta Amurka a 1947, iyayensa suka raɗa masa Ronald DeVaughn, ya musulunta yana saurayi. Ya yi makarantar kiɗa ta Oberlin, ya yi digiri na biyu a jami'ar Stony Brook, ya zauna a babbar ƙungiyar makaɗa ta New Jersey, inda ake sa baƙar kwat a bi takarda ɗigo bayan ɗigo. Faifan da ya fara fitowa a kai, shi da abokansa biyu, sunansa Al-Fatihah. E, ita dai, wadda kuka sani.

Yanzu ga inda nake so mu zauna. A 1972, a garin St. Louis, mai busa Julius Hemphill ya naɗi faifai mai suna Dogon A.D., sunan mutanen Dogon na Mali ya ɗauka. Mutum huɗu ne kacal: masu busa biyu, mai ganga, sai Wadud. A al'adar jaz akwai ƙaton goge mai kaurin murya da ake kira bas, shi ne ginshiƙin ɗaki. A wannan faifan babu shi. Babu shi, jama'a! Celo aka ɗora wa kayan, ya ɗauka.

Kuma ba da ladabin makaranta ya ɗauka ba. A makaranta ana koya maka ka ja baka sumul, kada a ji ƙarar izga. Shi danne bakan ya yi har tsirkiya tana gurnani, yana ta nanata gaɓa ɗaya sama da minti goma. Gaɓar kuma bugu 11 ce. Mu gwada da tafi: ɗaya, biyu, uku... Alhaji, kai tun a bakwai ka sauka. (dariya) Ba laifinka ba ne, ni ma mako guda na yi ina faɗuwa a wurin.

Can kuma sai ya ajiye bakan gaba ɗaya, ya kama tsirkiyoyin da yatsa, yana kaɗa su kamar mai garaya. Wanda bai taɓa zama a waccan ƙungiya mai baƙar kwat ba, hannunsa ba zai iya wannan tsabtar ba. Wanda kuma bai tashi cikin kiɗan baƙaƙen Amurka ba, ba zai san inda ake lanƙwasa murya ba. Na faɗa, zan sake faɗa: gurnanin nan ba rashin iyawa ba ne, mutum ne da ya iya sumul ɗin ya ajiye shi da gangan.

Na huɗu... au, uku na ce? To, na uku. Ya yi aiki da makaɗan jaz irin su Arthur Blythe, da James Newton, da Anthony Davis. Na'am, 'yar'uwa, ga hannu can.

(Wata daga cikin masu sauraro ta tambayi dalilin da ya sa ba a san sunansa ba.)

Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Faifai ɗaya tak ya yi shi kaɗai, By Myself, a 1977, kuma a ɗan kamfaninsa na kansa, Bisharra, ya fitar. Ya ɓace daga kasuwa shekara da shekaru. A farkon shekarun 1990 shi ma ya daina fitowa. Ya rasu a watan Agustan 2022 yana da shekara 75, ba a sake buga faifan ba sai 2023. Amma matasan da ke nan, wa ya san mawaƙi Raheem DeVaughn? Kun gani, hannu har biyar. To, ɗansa ne. Shugaba yana ja mini riga.