Kashe Kifin Shak Bayan Hari: Wa Ake Kamawa a Ƙugiyar?

Wannan lacca ce da aka gabatar a birnin Kano, aka rubuta ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Jama'a, na san wani zai ce ina ruwan Bakano da kifin shak, mu da ko Tiga ba kowa ya taɓa gani ba. Ku yi haƙuri, za mu dawo gida.

A jihar Yammacin Ostireliya, mutum bakwai suka mutu a bakin shak tsakanin 2010 da 2013. Hankali ya tashi, gwamnati ta ce a kashe. Daga Janairu zuwa Afrilun 2014 aka dasa tarko a teku, kimanin kilomita ɗaya daga gaɓa. Tarkon ba wani abin mamaki ba ne: duro ne mai yawo a saman ruwa kamar goran masunta, an ɗaure shi da anga a ƙasa, sannan ga sarƙa da babbar ƙugiya an maƙala mata nama. Dokar ita ce duk shak mai haɗari da ya kai mita 3 a harbe shi.

To, me aka kama? Shak 172. A ciki 163 irin mai ratsi-ratsi a jiki ne. Farin shak kuwa, wanda ake zargi da yawancin kisan, ko ɗaya bai shiga ba. Laifin wani, karatun wani! A watan Satumban shekarar hukumar kula da muhalli ta jihar ta ba da shawarar kada a ci gaba, aka dakatar. Kafin su, jihar Hawayi ta Amurka ta kashe shak 4,668 tsakanin 1959 da 1976, kuma masu bincike ba su ga harin ya ragu ba.

Dalilin a fili yake. Shak ba mazaunin unguwa ba ne. An taɓa liƙa wa wata farar shak na'ura, ta tashi daga Afirka ta Kudu ta je Ostireliya ta dawo cikin ƙasa da wata tara. Kafin a gama taron gaggawa a sa hannu a takarda, mai laifin ya yi nisa. Ita kuma ƙugiya ba ta tambayar suna. Ga wata matsalar: wasu nau'ikan shak sai suna iyo suke samun numfashi, don haka ƙaramin da doka ta ce a saki, in ya kwana a maƙale, gawarsa za a tarar.

Ragar da ake kafawa a teku don tare shak ita ma haka. Wadda ake sa wa a gaɓar birnin Sidni na Ostireliya tun 1937 tsawonta mita 150 ne, zurfinta mita 6, a cikin ruwan da ya fi ta zurfi. Ba katanga ba ce, kalli ce kawai. Shak yana bi ta sama ko ta gefe, ita kuwa tana cin kunkurun teku da sauran halittun da ba ruwansu.

Abin da ya fi burge ni shi ne na birnin Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu. Tun 2004 suke ajiye mutum a kan tsauni da madubin hangen nesa. Ya hango shak, sai a kaɗa jiniya, a ɗaga tuta, kowa ya fito daga ruwa. Ba harsashi, ba nama.

Yanzu mu dawo gida. A duk duniya, shak ba ya wuce kashe mutum goma a shekara, galibi. Maciji kuwa, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe tsakanin 81,000 da 138,000. A Kaltungo har asibiti guda aka ware saboda saran kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Amma ku lura da abin da muke yi: an sari yaro a gona, sai matasa su fito da gora su bi duk macijin da suka gani, har da marasa dafi masu cinye mana ɓeraye a rumbu. Ana can ana farauta, yaron yana kwance an ɗaure masa ƙafa da roba, an tsaga wurin da reza. Ɗaurin yana kashe naman ƙafar. Dafin kububuwa kuma hana jini daskarewa yake yi, don haka tsagar nan ƙofa ce aka buɗe wa jini. Abin da ya kamata shi ne a cire masa zobe ko duk abin da zai matse, a tallafe ƙafar da kara kada ta motsa, a ɗauke shi, kada ya taka, a nufi asibitin da aka san yana da allurar dafin maciji.