Darasi: Yadda ƙananan kayan jirgin roba ba za su riƙa tsere maka ba

Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma daga nan Tumfure a Gombe. Yau ɗan samfurin jirgin Alpha Jet na roba da ake harhaɗawa da hannu ne a kan tebur, irin wanda sojan samanmu ke tuƙawa, sikelin 1/72, wato mutum mai tsawon mita 1.8 zai dawo santimita biyu da rabi, toh kai ka auna yadda sandar tuƙin matuƙin za ta zama, ƙwayar shinkafa ta fi ta kauri.

Kafin komai a kashe fanka, kar iska ta kwashe ƙananan kayan. Na san zafin garin nan amma a daure, ni jiya ina zufa kamar mai dakan sakwara na haƙura.

Yanzu ku duba hannuna. Yawanci abu ba faɗuwa yake ba, tsalle yake yi, kuma wuri biyu ne, lokacin da za ka yanko shi daga firam ɗinsa, wato sandunan robar da kayan ke zuwa manne a jikinsu, da lokacin da ka matse shi da matsefata. Ka ji "tas!" shikenan ya tafi, ko inda ya nufa ba ka gani ba. Shi ya sa nake cusa firam ɗin gaba ɗaya cikin farar leda, in sa hannu da abin yankan a ciki, in ya yi tsalle yana nan cikin ledar. Ko ka manna salatif a bayansa kafin ka yanka. Kuma kar ka yanka daf da jikinsa, bar ɗan saura ka gyara da reza daga baya.

Matsefata kuwa ni na kusa daina amfani da ita a kan abu mai zagaye, tsinken sakace nake ɗan jiƙa bakinsa in dangwalo abin ya biyo, gashi kun gani, ya ɗauku. Sai ka ɗiga gam ɗin Tamiya mai ruwa-ruwan nan, shi narkar da robar yake ya haɗe su, amma sufa gulu kar ya kusanci gilashin matuƙi don fari zai bar maka kamar hazon hunturu.

Toh in ya riga ya faɗi fa? Kar ka motsa ƙafa. Duba cinyarka da naɗin wando tukuna, ni na taɓa kwashe minti arba'in ina rarrafe a kan kafet ashe eriyar jirgin da nake nema na maƙale a aljihun jallabiyata, Maman Hanif tana ta dariya ta ce sai ka ce mai neman allura. Sannan ka kashe wuta ka kwantar da tocilar waya a ƙasa, hasken ya bi siminti a kwance, komai ƙanƙantar abu sai ya yi inuwa doguwa. Kuma a hana kowa shara, sannan in akwai yaro mai rarrafe a fitar da shi don komai baki yake kaiwa.

In bai fito ba, yanki ragowar firam ɗin ka gasa a saman kyandir har ya yi laushi, ka ja a hankali ya zama siririn zare, ga sabuwar eriya. Bari in kunna kyandir ɗin ku gani, Hanif miƙo min ashana.