Larabcin littafi bai saya mini wake ba a Alkahira

Jama'a assalamu alaikum, mutanen Argungu da Birnin Kebbi, an kwan lahiya? Ku dubi wancan mai keken da tulun ƙarfe a gabansa, ful yake sayarwa, dafaffen waken da Misirawa ke karyawa da shi. Makona na farko a garin nan na tsaya gabansa na kwararo Larabcin da na sha bulala a kansa a makarantar zaure, har da i'irabi. Ya ƙare mini kallo, ya ce "sadaƙallahul azim". Kowa ya fashe da dariya. Ashe a kunnensa wa'azi na yi.

Nan Larabci biyu ne. Fusha ta mumbari ce da jarida da labaran talabijin. Ammiyya kuwa ita ce ta ciniki da faɗa da lallashin yaro: "izzayyak" maimakon "kaifa haluka", jimun ta koma "ga", ƙaf ta ɓace a maƙoshi. Masana harshe na kiran wannan diglosiya. Charles Ferguson ne ya yayata sunan a 1959, ya kafa hujja da Larabawa da Girka da Haiti da Jamusancin Suwizalan.

To mu fa? Wani ɗan Gusau da muke ɗaki ɗaya ya dage cewa haka muke: a gida "munka tahi", a takardar jarrabawa "muka tafi", in ba haka ba malam ya ja jan biro. Ni dai ban yarda duka ba. Fusha ba wanda ya sha ta a nono, kowa a aji ya koye ta. Daidaitacciyar Hausa kuwa Bakano kusan da ita ya tashi, mu ne aka bari da gyaran baki. Kuma fa waƙoƙin wa'azin ajami na zamanin Shehu da Abdullahin Gwandu cike suke da "munka" da "sunka". Wato namu ne ya riga hawa takarda.

Jiya na kira Inna, na ce "mun tafi Azhar da safe". Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai, Masar munka kai ka ko Kano?"

Bari in gwada sa'ata, ga layi ya ragu. Ya ammu, itnen ful! Wato baffa, ful biyu!