Darasi: yadda ake zaunar da gida a jikin gangare da SketchUp

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Yau a SketchUp, manhajar zana gini a kwamfuta, fili mai gangare za mu taɓa, irin na Guzape ko Katampe a Abuja, inda kana tsaye bakin get ɗinka kana hango rufin maƙwabcinka na ƙasa.

To ga fayil ɗin safiyo na DWG, wato irin fayil ɗin zane na AutoCAD, na shigo da shi, tsawon filin mita 30, daga sama zuwa ƙasa ya sauka mita 3. Ku duba da kyau, layukan tudun nan, masu nuna tsayin ƙasa, duk a kwance suka zo, sai ka ɗauki Move ka riƙa ɗaga kowanne rabin mita rabin mita, danna kibiyar sama a kibod ta kulle maka shuɗin layi, wato na sama da ƙasa, kar ya zame gefe. Ka gama, zaɓe su duka, je Sandbox, From Contours, yauwa ga ƙasa ta fito da tudunta.

Nan ne fa nake so mu natsu, don abin yana damuna wallahi, da yawa sai su ɗauki Stamp, wanda ke baje wa gida mazauni a jikin tudu, su danna gidan gaba ɗaya a hawa guda, alhali a wurin aiki wannan tifa tifa ce ta ciko, kuɗi ne, kuma cikon da bai daku ba shi ke tsaga daɓe bayan damina biyu. Mita 3 ɗin nan ai hawa guda ce Allah ya ba ka kyauta. Ni gareji da sito nake sa wa a ƙasa, bayansu ya shige cikin tudu, falo da ɗakuna a sama daidai da titi. Stamp sau biyu kenan, kowanne da tsayinsa, na ba shi tazarar mita 1 a gefe.

Yanzu bari in sa Section Plane in yanka ta tsakiya. Kun ga bangon nan da ƙasa ta jingina da shi? Duk ruwan da ya gangaro nan zai taru, to ka zana tsakuwa a bayansa tun yanzu, da bututu mai huji a gindi da zai fitar da ruwan gefe, kaurin bangon da rodinsa kuwa injiniya ne zai faɗa maka. Hanyar mota kuma zana ta a sama ka sauko da ita da Drape, ga ta nan ta bi jikin gangaren har ƙofar gareji.