Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Lacca ga Matasa 'Yan Tseren Keke a Ringim

Assalamu alaikum. Ina gaida dattawanmu da ke zaune a gaba, da ku ƙannena da kuka jingine kekunanku a gindin dalbejiyar can.

Tambayar da kuka fi yi mini ita ce: saura mako guda tsere, me zan yi? Amsata ba ta yi muku daɗi, na sani. Ka huta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙarfin da za ka hau da shi, tun wata uku baya ka tara shi. A makon ƙarshe ka rage tafiyarka zuwa kamar rabi, ka ɗan taɓa gudu kaɗan don ƙafa kada ta yi sanyi, ka yi barci sosai.

Ni kaina na taɓa yin wannan kuskure. Saura kwana biyu tsere na ɗauki hanyar Dutse da rana tsaka, wai ina gwada kaina. Ranar tseren, tun kafin rabin hanya cinyoyina suka ɗaure, na sauka na zauna a bakin gona ina kallon yaran da na girma suna wuce ni. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Matsalarmu ita ce kullum gudu. Mutum biyar sun fita atisaye, kowa so yake ya bar ɗan'uwansa a baya. A'a. Yawancin fitarka ta zama a hankali, yadda za ka iya hira da na gefenka ba tare da haki ba. Kwana biyu a mako sun isa na gudu mai tsanani. Kuma ku koyi bin bayan juna: wanda ya lafe a bayan tayar wani, iska ba ta dukan ƙirjinsa, yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa. Da hunturu, in iskar gabas ta taso, za ku gane abin da nake faɗa.

Sai ruwa. Nan zan daɗe. A watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, don haka fita bayan sallar asuba, a dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Kada ka jira ƙishirwa ta kama ka. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Dubi farin zanen da ke bushewa a bayan rigarka. Haɗin nan da iyayenmu mata suka sani, ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali, yana aiki. Ka duba fitsarinka: in ya yi ja, jikinka na neman ruwa. Ka sa dabino a aljihu. Da safen tsere ka sha kunun da cikinka ya saba, awa biyu ko uku kafin a tashi. Ranar ba ta gwajin sabon abu ba ce, ko abinci ko takalmi.

Kekenka kuwa, kai wa mai gyara tun saura kwana uku: kaca, birki, taya. Sirdi ya kai tsayin da in ka ɗora diddige a feda tana ƙasa, ƙafarka za ta miƙe. Gwiwoyi da yawa gajeren sirdi ne ya lalata su. Hular kwano kuma dole ce.

Wasunku sun ji labarin gasar nan mai hawa uku, wadda ta shiga Olamfik a Sidni a 2000: ninƙaya kilomita 1.5, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Mai sha'awa ya riƙa sauka daga keke ya ɗora da gudun minti goma, don ƙafa kan yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Amma ninƙaya a kududdufi, ina roƙonku ku bari, tsargiya tana nan a ruwan kwance.

Biniyam Girmay, ɗan Eritiriya, ya ci zango uku a gasar tseren keke ta zagaye Faransa a 2024, ya tafi da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki. Ina son ku kalli yadda yake ɓuya a cikin ayari har sai mitocin ƙarshe. Ranar Asabar bayan asuba mu haɗu a nan, mu gwada wannan layin na bin bayan juna, kowa da gorar ruwansa.